Gwajin ciwon hanta a Zangonninmu: a tanadi abin da zai biyo bayan sakamako

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan yunƙurin da hukumomin lafiya na Gana ke yi na gano ciwon hanta da wuri a tsakanin mutanen da suka fi fuskantar haɗarinsa, musamman yadda abin yake isowa gare mu a Zangonnin Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Yalwa. Ina cikin masu goyon bayan wannan yunƙuri, amma a ganina an fi ba da ƙarfi ga tsikarar yatsa da miƙa takardar sakamako, sannan a bar mutum shi kaɗai da abin da takardar ta faɗa, alhali kuwa daga wannan lokacin ne ainihin aikin yake farawa.

Girman matsalar ba abin musu ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar hanta nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma cututtukan biyu sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara kaɗai, wato kimanin 3,500 a kowace rana. Cikin masu nau'in B, kashi 13 cikin 100 ne kawai suka san suna da ita, waɗanda suka samu magani kuwa ba su wuce kashi 3 ba. A nan Gana, bincike-binciken da masana suka tattara sun sanya yawan masu ɗauke da nau'in B tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100 na manya, kuma abin ya fi tsanani a yankunan arewa, inda da yawa daga cikinmu mazauna Zango muke da dangi da surukai. Ke nan a kowane sahun sallar Juma'a a Babban Masallacin Kumasi akwai masu ɗauke da ƙwayar, kuma mafi yawansu lafiya lau suke jin kansu.

Wannan jin lafiya shi ne tushen wahalar. Hanta gaɓa ce mai haƙuri, tana iya shekara 20 ko 30 tana lalacewa a hankali, tana tauri tana ƙanƙancewa, mai ita yana ta harkarsa a kasuwar Kejetiya ko a garejin Suwame bai ji komai ba. Sai lokacin da ido ya yi rawaya, ko ciki ya cika da ruwa, ko ƙafa ta kumbura, ko aka fara aman jini, sannan hankali yake tashi. A nan ma ba asibiti ake fara nufa ba. Wasu za su ce shawara ce a jiƙa sassaƙe, wasu su ce sammu ne ko jifa, a yi ta yawo tsakanin masu magani har a ƙarar da ɗan abin da ke hannu, kafin a kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye lokacin da likita ba shi da abin yi face rage masa raɗaɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba masu kansar hanta a ƙasashen Afirka 9 har da Gana, ya gano cewa a ƙasashen da ba Masar ba matsakaicin shekarun majinyatan 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan an gano cutar. Mai shekara 46 magidanci ne da 'ya'ya a makaranta da iyaye tsofaffi a wuyansa. Kansar hanta tana kan gaba cikin nau'o'in kansa da ke kashe mutane a Gana, kuma yawancinta daga nau'in B take tasowa.

Adalci ne a faɗi abin da gwamnati ta yi. A 2002 aka shigar da rigakafin nau'in B cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, saboda haka yawancin matasanmu da aka haifa bayan wannan shekara, in har an kai su awo, suna da kariya. A 2014 aka fitar da manufar ƙasa a kan cutar hanta, kuma Hukumar Lafiya ta Gana tana da sashen da ke kula da ita. A 2023 aka ƙaddamar da shirin ba da maganin nau'in C kyauta, bayan Masar ta yi alƙawarin ba da gudummawar magungunan da za su ishi mutum 50,000, kuma wannan magani ne da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shansa cikin mako 12. Sannan kowace ranar 28 ga Yuli, Ranar Cutar Hanta ta Duniya, mukan ga rumfuna a kasuwanni da tashoshin mota da harabar masallatai ana gwaji kyauta ko da rahusa.

Ƙorafina yana kan abin da ke faruwa bayan an naɗe rumfar. Gwajin tsikarar yatsa yana nuna cewa ƙwayar tana jikin mutum ne kawai, ba ya nuna ko hantarsa ta taɓu, ba ya nuna ko yana bukatar magani yanzu ko kuwa sa ido ya wadatar. Don a san wannan sai an yi gwajin aikin hanta, da gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, da hoton ciki. Gwajin yawan ƙwayar kaɗai kuɗinsa ɗaruruwan sidi ne, kuma daga aljihu ake biya, haka ma maganin tenofovir da mai bukatarsa zai yi shekaru yana sha kullum. Yarinyar da ta zo daga arewa tana ɗaukar kaya a ka a kasuwa, ko yaron mota, ko mai gadi, in aka miƙa masa takarda aka ce ya je ya ga likita, an yi masa kamar wanda aka gaya wa gara ta shiga azarar ɗakinsa sannan aka sa takalmi aka tafi. Zai ninke takardar ya ɓoye, ya shiga damuwa, ya kuma zama abokin cinikin masu tallar magani a rediyo da cikin motocin haya, waɗanda ke rantsuwa cewa kwalba uku za ta wanke cutar tas. Har yau babu maganin da ke fitar da nau'in B gaba ɗaya daga jiki, abin da ake da shi yana danne ƙwayar ne ya kare hanta daga lalacewa, kuma wasu daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa su kansu suna ƙona hantar da aka ce za su gyara.

Akwai kuma wata sana'a da ta ɓullo a wannan giɓi, ta masu zuwa da farar riga su kafa tebur, su yi gwaji da arha don su sayar da allurar rigakafi. Wanda aka samu ba shi da cutar shi ne ribarsu, domin shi zai sayi allura. Wanda aka samu da ita kuwa ba shi da amfani a gare su, sai dai a gaya masa sakamakon a gaban jama'a a sallame shi. Ba na cewa duk masu wannan aiki haka suke, amma ya kamata hukuma ta hana kowa kafa teburin gwaji sai ya nuna lasisi, ya nuna yadda yake ajiye allurar cikin sanyi, ya kuma nuna asibitin da ya amince zai karɓi waɗanda aka samu da cutar.

Idan kuɗin gwamnati ba zai ishi kowa a lokaci guda ba, kuma na san ba zai isa ba, to a fara da masu juna biyu. Dalilin a fili yake. Babba in ya kamu da nau'in B, jikinsa yakan kore ta da kansa, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zame musu ta dindindin. Jariri kuwa in ya kamu lokacin haihuwa, kimanin 9 cikin 10 suna rayuwa da ita har girma, kuma su ne ake binnewa suna da shekara arba'in da 'yan kai. Hanyar tsare wannan sananniya ce: a gwada uwa a zuwanta na farko awon ciki, in ƙwayar ta yi yawa a jininta a fara ba ta tenofovir daga mako na 28, sannan a yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Allurar mako na 6 tana zuwa ne bayan aikin gama ya gama. Amma an yi fiye da shekara 20 bayan 2002 wannan allura ta ranar haihuwa ba ta cikin jadawalin da ake yi wa kowane jariri kyauta a Gana, iyaye ne suka riƙa nemo ta da kuɗinsu, tare da wata allurar kariya mai tsada da akan rubuta wa matan da aka samu da cutar. A duk nahiyar Afirka, in ji rahoton da na ambata, kashi 18 cikin 100 na jarirai ne kawai ke samun allurar ranar haihuwa. Gana ta mayar da kula da masu juna biyu kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya tun 2008, don haka matan suna zuwa awo, kuma ba sai an fita neman su ba. Duk wani shiri na samar da allurar kyauta, ma'auninsa shi ne ko ta isa ga jaririn da aka haifa da tsakar daren Asabar, lokacin da mai riƙe da makullin firijin ya tashi aiki, da kuma wanda aka haifa a gida a hannun ungozoma. A al'adarmu mai jego ba ta fita da jariri kafin suna, kuma kwana bakwai sun yi nisa ƙwarai ga allurar da ke da wa'adin awa 24. Dole ma'aikatan jinya na unguwa su riƙa bin gida, kuma dole ungozomomi su san lambar da za su kira tun kafin a yanke cibiya.

Daga uwa sai a bi gidanta. Inda duk aka samu mutum ɗaya da nau'in B, akwai yiwuwar 'yan'uwansa na ciki ɗaya suna da ita, domin daga uwa ɗaya suka fito ko kuma sun ɗauka tun suna yara a tsakar gida ɗaya. Gidajen Zango manya ne, wani gida yana da mutum 30 ko 40, kuma gwada mutanen gidan da aka riga aka samu mai cutar ya fi gano masu ita fiye da tsayawa a bakin kasuwa ana jiran mai wucewa. Wanda aka samu ba shi da ita a yi masa allura uku, ta farko, da ta bayan wata ɗaya, da ta bayan wata shida. Haka kuma masu ba da jini: duk jinin da aka bayar ana gwada shi don nau'in B da C, kuma duk wanda aka ƙi karɓar jininsa saboda wannan dalili mutum ne da aka riga aka gano ba tare da ƙarin kuɗi ba. Bai dace a sallame shi da cewa jininsa bai yi ba, ya kamata ya fita da ranar ganin likita a rubuce. Ma'aikatan asibiti da fursunoni da masu cutar ƙanjamau duk suna cikin jerin, kuma su ma a wuri ɗaya ake samunsu.

Zan ɗan tsaya a kan wanzamai, domin sana'a ce tamu kuma mu ne ya kamata mu yi maganarta da ladabi. Wanzami yana aski, yana kaciya, yana ƙaho, yana cire belu, yana askin suna, kuma a gidaje da yawa shi ne mutum na farko da ke taɓa jinin jariri. Ƙwayar nau'in B tana iya kwana 7 a raye a kan aska ko ƙaho, kuma goge ta da tsumma ko tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci ba ya kashe ta. Da yawa daga wanzamanmu sun koma sabuwar reza ga kowane mutum, kuma sun cancanci yabo. Abin da ya rage shi ne hukumar lafiya ta zauna da sarakunan aska, ta gwada su kyauta, ta yi musu rigakafi domin su ma hannunsu yana cikin jini kullum, ta kuma sanya su cikin masu tura mutane gwaji. Maganar wanzami tana shiga inda ta likita ba ta shiga. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi ɗaya daga mutum zuwa mutum su ma a saka su a lissafi.

Batun aure yana bukatar tsantseni. Gwaji kafin ɗaurin aure yana ƙara karɓuwa a masallatanmu, kuma a Najeriya jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, har da nau'in B da C a ciki. Abu ne mai kyau, amma in ba a haɗa shi da ilimi ba sai ya zama hanyar fasa aure da ɓata sunan 'ya'yan mutane. Idan aka samu amarya da cutar aka ga ango ba shi da ita, a yi wa ango allurarsa ta cika, a sanar da likita in ta samu juna biyu, aure ya ci gaba. Cutar ba ta yaɗuwa ta gumi, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko shayar da nono, duk da cewa wannan camfi ya yi ƙarfi a garin nan har ana ware wa mutum kofi da cokali. Muddin mutane suna ganin sakamakon gwaji zai raba su da aure ko aiki, ba za su zo gwajin ba. Ina kira ga malamanmu, tun daga ofishin Babban Limamin Ƙasa Shaikh Usman Nuhu Sharubutu har zuwa limaman unguwanni, su nemi likitoci su fahimtar da su wannan kafin su sanya gwajin cikin sharuɗɗan ɗaurin aure.

Ba ƙwayar cuta kaɗai ke kashe hanta ba. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda in ta haɗu da nau'in B take ninka haɗarin kansa, kuma mu masu koko da tuwo da ƙuli-ƙuli ne. Kitse a hanta yana ƙaruwa tare da ciwon sukari da ƙiba. Giya ma tana nan, ko da ba ma son faɗa, musamman waɗannan ƙananan kwalabe masu ɗaci da ake sayar wa matasa da sunan maganin ƙarfi. Mai ciwon sukari da ke zuwa asibiti kowane wata bai kamata ya shekara ba a duba hantarsa ba.

Wasu ƙasashe sun nuna yadda ake haɗa gwaji da abin da ke biyo bayansa. Masar, wadda nau'in C ya yi wa katutu sakamakon alluran tsargiya da aka yi wa jama'a da sirinji ɗaya a shekarun baya, ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin kimanin wata 7 daga Oktoban 2018, kuma duk wanda aka samu da cutar an ba shi ranar zuwa cibiyar magani da magani kyauta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a yaƙin kawar da nau'in C a 2023, ƙasa ta farko da ta samu. A Ingila, tun 2022 hukumar lafiyarsu ke aika motoci ɗauke da na'urar FibroScan, mai auna taurin hanta cikin 'yan mintuna ba tare da tsaga ba, zuwa wuraren da masu shan giya da marasa matsuguni da masu ciwon sukari suke, kuma wanda aka ga hantarsa ta yi tauri ana sanya shi cikin masu hoton ciki duk bayan wata 6. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Gambiya, inda wani bincike da aka wallafa a 2016 ya bi mutane har unguwanninsu da gwajin nau'in B, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka samu da cutar suka je asibiti aka duba su. Talakan Afirka ta Yamma yana zuwa in ya san akwai abin da zai tarar.

Kayan aikin ma ba su yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Sabbin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Maris 2024 sun sauƙaƙa sharuɗɗan fara magani, sun kuma amince da wani lissafi da ake yi daga gwaje-gwajen jini biyu na yau da kullum, wato sinadarin hanta da yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ɗakin gwajin kowane asibitin gunduma zai iya yi. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba don gwajin tarin fuka suna iya auna yawan ƙwayar nau'in B in aka sayo musu abin da ake sakawa a ciki. Tenofovir kuwa yana cikin magungunan da ake bai wa masu cutar ƙanjamau kyauta, wanda hakan ke nufin mai cututtukan biyu yana samun maganin hantarsa ba ko kwabo, maƙwabcinsa mai ciwon hanta kaɗai yana biya. Wannan tsari ba ya shiga hankali, kuma gyara shi yana hannun masu kula da inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003 domin kada rashin kuɗi ya hana mutum magani.

Gana ta sa hannu tare da sauran ƙasashe a 2016 kan burin rage sabbin kamuwa da kashi 90 da mace-mace da kashi 65 kafin 2030, kuma lokacin ya ƙarato. Ina roƙon 'yan majalisarmu na Asawase da Manshiya da Tafo su matsa a saka gwajin tabbatarwa da tenofovir da hoton ciki na wata shida-shida cikin abin da katin inshora ke biya, a fara da masu juna biyu da mutanen gidansu. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 shi ma zai iya ɗaukar nauyin horar da ungozomomi da wanzamai da 'yan sa kai masu jin Hausa, waɗanda za su riƙa raka mutum daga rumfar gwaji zuwa ɗakin likita.

Daga gare ka kuma, ya Edita, ina da roƙo guda. Idan 28 ga Yuli ta zagayo aka sanar da yawan mutanen da aka gwada, ka tura wakilinka ya tambayi jami'an lafiya na yankin Ashanti mutum nawa ne cikin waɗanda aka samu da cutar a bara suka ga likita, nawa aka auna yawan ƙwayar a jininsu, nawa ke shan magani, kuma jarirai nawa ne suka samu allura cikin awa 24, sannan ka buga mana amsar a wannan shafi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi